Katin Musa Direba

Kazaure,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Aboki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya sauke ka lafiya a ƙasar da ka nufa, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki. Na ba ƙanwarka Saude na ce ta cusa maka ita a jaka tsakanin ƙullin kuka da na yaji, don na san nan hannunka zai fara zuwa in ka sauka. Da cikin littattafanka na sa ta, sai ta shekara ba ka gan ta ba.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Ka san halina. In na zaunar da kai zan yi magana mai nauyi, sai in ɓuge da tambayarka ko ka sa wa babur mai. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ita ce mai bakin gidan nan, ni sai dai in yi gyaran murya daga gefe. Tunda ba ta nan, dole na ɗauki biro.

Kwanakin baya kana zaure kana waya da Nafi'u, abokinka da ya riga ka tafiya karatu Turkiyya. Ni kuma ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗar iri. Ka bar wayar a buɗe yadda kuka saba, kamar dole sai duk unguwa ta ji. Ka tambaye shi batun inshorar lafiya, kuɗin nan da baƙo ke biya tun yana da lafiya don asibiti ya karɓe shi ranar da ya kwanta. Na ji ya ce maka:

"Kai, bar wannan maganar. Ka yi ta farko mai arha don a ba ka takardar zama, in ta ƙare ka share. Kuɗin ka ci abinci da su. In ciwo ya zo akwai dabara. Akwai wani a gidanmu da takardunsa suka cika, da sunansa ake zuwa."

Ka yi dariya ka ce, "Ashe ku ma kun iya."

Na ci gaba da aikina, amma har aka kira magariba ban san ko ƙwaya nake zubawa a kwano ko ɓawo ba.

Ban san dokar Turkiyya ba, ban taɓa taka ƙasar ba, ban kuma san ko Nafi'u gaskiya yake faɗa ko cika baki irin na wanda ya riga wani shiga jirgi ba. Amma dabarar da yake taƙama da ita na san ta. Mun yi ta tun ba a haife ku ba.

Ka san na yi zaman Libiya kafin in auri mahaifiyarka. Ka kuma san sunan abokina da ya rasu a can aka sa maka, shi ya sa nake ce maka Aboki. Iyakar abin da ka sani ke nan, don duk sanda ka tambaya sai in ce ajali ne, in sake zance.

A kasuwar Babura na san takwaranka. Ni ina kawo gyaɗa daga Roni, shi yana taya kawunsa awo. Dogo ne, mai yawan dariya, in yana ba da labari sai ya riƙe maka hannu don kada ka tafi bai gama ba. Wata shekara damina ta ƙi, muka haɗa shawara, muka canja abin da muke da shi zuwa sefa, muka bi ta Damagaram zuwa Agadas, muka keta sahara a bayan mota. Muka sami aikin buga bulo a wani gari, muka kama haya a gidan da 'yan uwanmu suka cika, wasu daga Nijeriya wasu daga Nijar.

A can, ɗan ƙasa in ya yi ciwo sai ya tafi asibitin gwamnati a duba shi. Baƙo mai takarda shi ma ana karɓarsa. Irinmu kuwa, da ba mu da ko tsinken takarda, hanya biyu ce. Ko ka je wurin masu zaman kansu su kwashe guminka na wata da watanni a zama ɗaya, ko ka je na gwamnati a tambaye ka takarda, daga nan ba ka san inda za ka kwana ba. A duk gidan mutum ɗaya ne mai cikakkun takardu, Musa, mutumin Damagaram, direba a wani kamfanin gine-gine. Kamfanin ya yi masa katin asibiti. Musa mutumin kirki ne, bai iya hana abu ba. Sai katin nan ya zama na gida. A jikin ƙusa yake rataye bayan ƙofa, duk wanda jikinsa ya ƙi sai ya zare ya tafi. Hoton da ke jiki ya koɗe, kuma a idon masu duba katin mu duka kamarmu ɗaya.

A takarda, Musa Direba ya yi basir, ya yi gyambon ciki, ya karye a hannu, an cire masa haƙori guda har sau biyu. Shi kuwa Musa na gaskiya ko mura ba ya yi. In muna cin abinci sai ya ce, "Ni dai roƙona ɗaya, kada wani ya je ya haihu da sunana." Mu yi ta dariya. Ni ma na je da katin lokacin da bulo ya faɗo mini a ƙafa ta yi ruwa. Ina zaune a benci ana ta kiran Musa, ina ta waige ina neman mai sunan, sai da na kusa da ni ya zungure ni. Aka wanke ƙafar, aka yi mini allurar fenisilin, na warke sarai, na dawo ina yabon wayonmu.

Mu a lokacin mun ɗauka kati tikitin shiga ne kawai, kamar na mota. Ashe bayan katin akwai fayil, kuma duk abin da aka yi wa jikin mutum yana ciki. Likita da fayil ɗin yake fara magana kafin ya ɗago ya dube ka, balle kai baƙo da ba ka jin harshensa. In ka shiga da sunan wani, jikin wani ka kai masa, shi kuma wancan jikin zai yi wa magani. Wannan ban gane shi ba sai da ya zama ba shi da amfani a gare ni. Kai ka gane shi tun kana da lafiyarka.

Da sanyi ya shigo, takwaranka ya fara tari da zazzaɓi. Kullum da safe in ce, "Ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." Ni kuma in karɓa, don karɓar ta fi mini daɗi. In na yarda ba sauƙi, dole in bar aikin ranar in kai shi wani wuri. Muka yi ta ɗura masa ƙwayoyin da muke saya a shago, da tafarnuwa, da jiƙon wasu saiwoyi da wani ya taho da su daga gida. Mutumin da ke riƙe hannunka don ya gama labari ya koma ba ya iya gama jimla sai ya tsaya ya nemi numfashi. Duk da haka da sauƙi yake cewa, ni kuma in ce Allah ya ƙara sauƙi, in ɗauki takalmina.

Mu mutanen nan haka aka rene mu, kuma a gida ba laifi, don wanda ya tambaye ka yana kallon idonka, ya san ƙarya kake, zai je ya nemo mota. A can ba mai kallon idonka. In likita ya tambaye ka, ka faɗa masa inda ke ciwo, da tun yaushe, da abin da ka sha, ko da jiƙo ne kana jin kunyar faɗa. In na kira ka a waya na ce ya jiki, ni ma kada ka ba ni da sauƙin nan. Na ƙoshi da ita.

Ranar da ya kasa tashi salla a tsaye, na zare katin daga ƙusa na tare mota. A hanya ya jingina da kafaɗata ya ce:

"Sule, ka san allurar nan fenisilin ba ta karɓe ni ba. Ina yaro aka yi mini ita a Babura na kumbura, har an fid da rai. Yaya zan gaya musu?"

Na ce, "Kada ka gaya musu komai. Musa yana jin Larabci, kai ba ka ji. Kana buɗe baki za su gane ba kai ne ba, ka jawo wa gida duka. Ka nuna ƙirji, ka yi tari, su suka san aikinsu. Sau nawa muka yi ba abin da ya faru?"

Sai ya ce, "To, yadda ka ce."

Na zaunar da shi a benci, na danƙa masa katin. Ban zauna ba, don a ganina baƙi biyu marasa takarda a wuri ɗaya sun fi jan ido. Na ce zan dawo gobe da kunu. Na waiwaya daga bakin ƙofa na gan shi ya riƙe katin da hannu biyu yana kallon ƙasa. Na tafi na buga bulo har yamma.

Washegari na zo da kunun. A teburin tambaya bakina ya suɓuce na faɗi sunansa na gaskiya. Matar da ke teburin ta duba ta ce ba su da mai wannan suna. Sai na ce Musa. Ta dube ni, ta yi wata magana, wani mutumin Cadi da ya zo dubiya ya fassara mini. An kwantar da shi jiya, an yi masa allura, ba da jimawa ba numfashinsa ya toshe, sun yi iya ƙoƙarinsu. A fayil ɗin an rubuta cewa Musa ya taɓa karɓar allurar nan lafiya lau. Gaskiya ne kuwa. Ni aka yi wa, lokacin ƙafata.

Ko allurar ce, ko ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsa, Allah ne masani, kuma na san kwanansa ne ya ƙare. Ban taɓa ɗora wa likitocin nan laifi ba, abin da takarda ta gaya musu suka yi aiki da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wani dattijo da ke gadon kusa da nasa. Ya ce ma'aikatan sun kewaye shi suna jijjiga shi suna kiran Musa, Musa, shi kuma bai juyo ba. Yana ta faɗin wata magana da ba wanda ya gane.

Da sunan Musa aka ba mu gawar, don in mun faɗi gaskiya za a kwashe mu duka, shi kuma a riƙe shi ba sutura. Musa Direba yana sahun gaba muka yi sallar jana'izar Musa Direba. Ba wanda ya yi dariya ranar. Daga baya labari ya kai kamfaninsu cewa direbansu ya mutu, ga shi kuma yana yawo da ƙafafunsa. Bayanin da zai wanke shi shi ne zai ɗaure shi. Haka ya bar aikin, ya bar takardunsa, ya biyo sahara ya koma Damagaram kamar kowane ɗayanmu. Don haka in Allah ya sa takardunka sun cika, kada kai ma ka ba wani aron sunanka. Ka raka shi, ka yi masa tafinta, ku yi masa karo-karo, ka sayar da wayarka in ta kama. Amma sunanka ka bar shi a jikinka.

Da na dawo gida na kai jakarsa Babura wurin mahaifiyarsa, Iya Falmata. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sule, wa ya yi jinyarsa?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To wa ya laƙƙana masa kalmar shahada?" Na miƙa takardar asibitin da na taho da ita, ƙaninsa ya karɓa ya duba, ya ce, "Iya, wannan ba sunan Yaya ba ne." Na yi bayani iya yina. Ta ce ta ji, Allah ya yi mini albarka da na kawo kayan. Amma har ta bar duniya, duk wanda aka ce ya dawo daga Libiya sai ta aika a kira mata shi, ta tambaye shi ko ya ga wani dogo mai yawan dariya. Da aka haife ka na kai ka wurinta kana cikin zani. Ta ɗora ka a cinya ta yi ta kiran sunan, kamar mai kiran yaron da ya yi nisa da gida.

Ka tuna lokacin da mahaifiyarka ta kwanta a asibiti nan Kazaure? Baranda cike da tabarmi, 'yan uwa daga Roni, ƙawayenta na islamiyya, kowa da kwanonsa, wannan kunu, waccan farfesu, ga ta ko ruwa ba ta iya haɗiya. Har faɗa na yi, na ce sun mai da asibiti gidan biki. Daga baya na ji kunyar faɗan. Magani ya yi mana tsada, wani ma sai an je Kano ake samo shi, ba zan ce maka namu asibitin ya fi na kowa ba. Amma ta cika hannunta cikin na yayarta, ana kiran sunanta, ana tuna mata Ubangijinta da harshen da take ji. A inda za ka, wataƙila gadon ya fi kyau, injin ya fi yawa, amma ba mai shimfiɗa tabarma a baranda dominka. Saboda haka tun kana lafiya ka nemi mutum ɗaya, ba taron abokan hira ba, mutum ɗaya da zai san inda kake kwana, ya san ciwonka, yana da lambar Saude. Kai ma ka zame masa haka. In ka kai shi asibiti ka zauna. Ko za a kore ka daga ɗakin, ka zauna a bakin ƙofa.

Ba na son tuna maka, don na san kana jin haushi, amma kana da asma. Kai kana ganin ka girma ta bar ka, ni kuwa ina jin ƙirjinka ta bango duk lokacin sanyi. An ce sanyin can ba irin namu ba ne. Kana sauka, kafin ka nemi inda ake sayar da shinkafa, ka je ofishin makarantarku ka tambayi yadda baƙo ke yin rajistar lafiya. Ka tambaya da kyau, ba tambayar mai kunya ba. Wace inshora ce ke ɗaukar mai asma, wace ce takarda ce kawai ta nuna wa hukuma? In numfashi ya toshe maka, wane asibiti za ka nufa, me za su nema a hannunka? Ka sa a rubuta asmar a fayil ɗinka, da sunan abin shaƙar da kake amfani da shi. Ka koyi yadda ake cewa ba na iya numfashi da harshensu, tun kafin ka koyi yadda ake taya kaya. In wa'adin inshorar ya zo ƙarewa, ka sabunta ta kafin ka sayi takalmi.

Na san abin da ke ranka. Kana so ka matse bakinka ka riƙa aiko mini da wani abu, a ce ɗan Malam Sule ya fara turo wa tsohonsa. Ba na so. Gonar Roni tana ciyar da ni tun ba ka san hanyar makaranta ba. In kuɗin inshorar ya fi ƙarfinka, ka faɗa mini kai tsaye. Akwai bijimina a garken Jauro Bello a Gwiwa, na riga na je na same shi, na ce masa duk ranar da ya ji kirana ya kora shi kasuwa. Ya ce, "Malam Sule, wannan sa ai na auren yaron ne." Na ce sai da rai ake aure.

Ba zan ɓoye maka ba, gidan nan zai yi mini girma. Saude za ta koma ɗakinta jibi. Daga nan sai ni da rediyo, da kwanon tuwon da maƙwabta za su riƙa aikowa, wanda na saba mu sa hannu tare kana cinye mini naman. Zan yi kewarka ƙwarai, na ma fara tun kana nan. Wannan zan iya ɗauka, na ɗauki wadda ta fi ta. Abin da ba zan iya ba shi ne in zama kamar Iya Falmata, ina tare 'yan makarantar da suka dawo hutu ina tambayarsu ko sun ga ɗana.

Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kiranka da shi ba. Mutane sun ɗauka kunyar ɗan fari ce, kai ma haka ka ɗauka, kuma akwai ta. Amma ba ita kaɗai ba ce. Rabon da sunan nan ya fita daga bakina tun a teburin asibitin nan, inda aka ce mini ba su da mai wannan suna. Ni na ce wa mai shi ya ajiye shi a waje ya shiga da na wani. Yau zan rubuta shi da hannuna, don ka ga ba wasa nake ba.

Ɗahiru, ka shiga ƙasar mutane da sunanka, ka kwanta da shi in ciwo ya zo, ka tashi da shi. In aka leƙo daga ɗakin likita aka kira shi, ko sun karya shi da harshensu, ka amsa da ƙarfi.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka lafiya mai amfani, ya ba ka abin da ka je nema, ya sa kada ka kwanta inda ba wanda ya san ka. Allah ya jiƙan takwaranka da mahaifiyarka. Allah ya dawo mini da kai, Ɗahiru, ina da rai ko ba ni da shi, ka shigo garin nan da ƙafafunka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule